Gurbin Dara a Gindin Tanki

Ran Alhamis bayan la'asar munka je famfo da jarkunanmu, munka ishe babu ruwa. Tsoho Ibrahima mai gadi yam murɗa kan famfo, sai iska ke fita. Yaɗ ɗaga kai yad dubi saman tanki, sai yaz zauna ƙasa daɓas. Farantan sola huɗu da ke jawo muna ruwa daga ƙasa, babu ko ɗaya. Wayoyi kaɗai ke reto.

Kun san shekarar. Shuka biyu munka yi, duk sunka ƙone. In ka ɗebe ruwan farko da yay yaudare mu, abin da munka gani yayyafi ne guda, ran Litinin ta makon nan, bai kai tsawon raka'a huɗu ba. Famfon nan shi kaɗai ya rage muna, mu da dabbobi da Fulanin rugar da ke bayan gari.

Wakili, wanda ke riƙe da garin tun da maigari yak koma Sabon Birni, yat tambayi Ibrahima inda shike sa'ad da anka yi satar.

Ibrahima yac ce, "Ranka shi daɗe, inda kake. Tudu."

Babu wanda yay yi dariya. Duk mazan garin can suke. Tun da anka yanke muna sabis, wuri guda waya ke kamawa, bisa tudun marke, inda sabis ɗin Nijar ke leƙowa. Ɗana na fari, wanda ba ni faɗin sunanai, Babba nike ce mashi, shi ke da guruf ɗin 'yan dara a waya. Shina ɗaukar wasa, shina aikowa guntu-guntu, shina bayani da bakinai, mutane na gardama har daga Maraɗi. Ranar, Kalilu gwanin garinmu za shi kara da wani tsoho na Kamarawa da ba a taɓa cinyewa ba. Da safe kowa yag ga Kalilu da Babba sun hau mashin sun nufi hanyar garin Isa, wadda ke kai Kamarawa. Daga azahar zuwa la'asar, ko ɗan akuya ka sata a garin, babu namijin da za shi gan ka.

*

Kafin magariba Ɗanmusa, shugaban 'yan sa-kai, yas samo ɓarawonai. Sawun takalmin taya yag gani gindin famfo, mai tsaga a dunduniyar hagu. Kowa ya san takalmin Abu ne, ɗan ruga.

Uwar Abu ta rasu wurin haihuwatai, kwana tara bayan na haifi Babba. Ubanai yak kawo mani shi cikin ƙwarya. Nono ɗaya sunka sha, wannan dama, wannan hagu, har na yaye su rana guda.

Da safen Juma'a na ishe shi ɗaure jikin gawo ƙofar Wakili, hannuwa baya, leɓe a fashe.

Nic ce, "Ɗanmusa, kwance shi. Ɗana ne."

Yac ce, "Inna Kande, ɗanki na cikin gida shina barcin gajiya. Wanga ɗan daji ne. Su ke kai ma 'yan bindiga labarinmu, yanzu sun kashe muna ruwa. Za mu fita da shi bayan gari."

Duk wanda sunka fita da shi bayan gari, ba mu sake ganinai ba. Nid durƙusa gaban Wakili, nic ce shi ba ni kwana biyu don Allah.

Wakili yad daɗe shina murza carbi. Yac ce, "Gobe Asabar bayan la'asar. In ba a kawo wani ba, ba ni da ƙarfin hana su, Kande. Ke ma kin sani."

Ban koma gida ba. Nik kama hanyar Kurawa da ƙafa, wurin Malam Usmanu.

*

Malam Usmanu mai bin sawu tsohon maharbi ne, abokin marigayi maigidana. Ba shi duban fuskar mutum in shina magana, ƙasa shike dubawa. Jakinai munka hawo, munka iso rana tsaka, mutane na masallaci.

Yat tsaya nesa da famfo yaj jinjina kai. "Garinku duka ya yi rawa bisa wurin nan."

"Babu abin da ya rage ke nan?"

"Ban ce ba."

Yan nuna mani sawun Abu da tsinin sandatai. "Duba. Sawun awaki na bisa nashi. Yaushe awakinku ke zowa?"

"Da hantsi, kafin a rufe famfo."

"To shi da sassafe yaz zo, ya shayar da shanunai ya wuce. Amma wanga ba shi isar Ɗanmusa. Cewa za shi yi ya komo daga baya."

Yaz zagaya bayan tanki, inda babu mai zuwa sai mai fitsari. An share ƙasar da reshen geza, ga reshen nan an jefar. Yab bi sharar a hankali har gindin ƙarfen da ake hawa, yat tsuguna, yad daɗe.

"Mutum biyu. Babu takalmi. Ɗaya ya hau, ya daɗe sama. Ɗaya ya tsuguna nan shina gadi. Zo ki gani, uwar yara."

Gefen sharar, inda reshen bai kai ba, ga 'yan ramuka da anka yi da yatsa, shida a jere, ƙarƙashinsu wasu huɗu.

Nic ce, "Gurbin dara."

"Awo. Mutum na jira, hankalinai na hanya, yatsanai na aikin da yas saba. Abu na dara?"

"Ko kallonta ba shi yi."

Daga nan sawun yan nufi arewa, yah hau fako, ya ɓace. Malam Usmanu yag ga sawun raƙumi kusa da wurin, munka bi shi cikin rana har kusa da Unguwar Lalle. Munka ishe mai raƙumin, Buzu ne mai gishiri, shi da matatai da ɗiya uku, babu komai cikin kayansu sai gishiri da tabarma. Rabin yini yat tafi a banza. Ƙafafuna sunka kumbura.

*

Da munka komo, Malam Usmanu yaj je gindin gawo yat tsuguna gaban Abu. Na ba shi ruwa da ludayi, masu gadi na hararata.

"Jiya da azahar ina kake, samari?"

"Daji, Baffa. Ina sassabo ma shanu ganye."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"In mutum za shi kwance farantan can, da mi za shi kwance su?"

"Ban sani ba. Ban taɓa hawa ba. Amiru ke hawa shi goge masu ƙura duk Laraba." Sunan Babba ne yak kira. Sai yad dube ni. "Inna, bai zo ba. Tun jiya bai leƙo ni ba."

Nic ce mashi gajiyar hanya ce. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kai yac ce, "Amiru dai kowa ya ji muryatai daga Kamarawa. Nemo wani."

*

Asabar da hantsi Malam Usmanu yac ce in raka shi tudu, shina son ganin darar da ta kwashe gari. Mata ba su hawa can, amma na hau. Garin babu ruwa kwana biyu, mata sun tafi tonon gulbi, ga maza goma sha sun haɗa kai bisa waya guda suna sake kallon wasan.

"Nan yak kashe shi! Da ya toshe gurbin tsakiya, shi ke nan."

"Kai rufe muna baki, kai da jikanka ke cinye ka."

"Wani daga Maraɗi ya ce tsohon da gangan ya bari."

"Ɗan Maraɗi mi yas sani? Su da kashin raƙumi suke dara."

"Mayar baya, mayar baya, ku ga inda Kalilu yas sa kara na tara. Wallahi aljani gare shi."

Malam Usmanu yac ce a ba shi shi gani. Anka miƙa mashi, yar riƙe wayar nesa da ido kamar mai duba ƙwai. Muryar Babba ke fita, shina cewa, "Jama'a, yanzu haka muna Kamarawa, yau Alhamis, Kalilu ya ci na uku!"

Wani yac ce, "Baba, kai wa kake goyon baya?"

"Tsaida shi nan. Ƙara girmanai. Ba hannun ba, gefe."

"Gefe babu komai, Baba, ƙasa ce."

"Ita nike so."

Yad duba, yas sa anka wuce gaba, yas sake dubawa har sau uku. Yam mayar da wayar yay yi godiya. Sai da munka sauko gindin tudu yaj juyo gare ni.

"Uwar yara, kin ce in nemo maki gaskiya. Har yanzu kina so?"

"Ran yaro na jikin gawo, kana tambayata?"

"To ki ci abinci, ki yi azahar. Ki zo da ƙarfinki."

Na ishe Babba kwance a ɗaki shina latsa waya. Nic ce shi tashi shi je shi ga ɗan'uwanai. Yac ce kanai ke ciwo. Na ga yanka sabo a tafin hannunai, nit tambaye shi, yac ce mashin ne. Na yi sallah, na daɗe bisa tabarma, ban san abin da nike roƙo ba.

*

Bayan la'asar gari yat taru ƙofar Wakili. Ɗanmusa da yaranai na tsaye da bindigogi, sun riga sun kawo mashin biyu. Malam Usmanu yas sa anka zaunar da Ibrahima mai gadi, da Kalilu, da Babba, kusa da inda Abu ke ɗaure.

Yaf fara da Ibrahima. "Ka bar aikinka, ka je kallo. Laifinka ke nan, babu ƙari. Ƙafarka ta dama ba ta hawa ƙarfe. Tashi."

Sai yaf faɗi abin da yag gani bayan tanki, har da gurbin dara.

Ɗanmusa yac ce, "Rabin garin ga 'yan dara ne, tsoho. Kuma duk muna tudu."

"Ban da biyu."

"Su suna Kamarawa. Da idonmu munka gani."

"Ku kawo wayar."

Anka kawo. Yas sa wani yaro yat tsaida hoton, yam miƙa ma Wakili. "Ranka shi daɗe, kai manomi ne. Bar kallon hannu. Dubi ƙasa."

Wakili yak kai wayar kusa da ido. "Ta yi tabo-tabo."

"Kamar fuskar wanda yay yi agana. Mi ke yi ma ƙasa haka?"

Wata tsohuwa daga bayanmu tac ce, "Yayyafi."

Malam Usmanu yac ce, "Ku dubi gurabun kuma. Kalilu, kai gwani ne. In ka tona gurbi a busasshen rairayi, shina tsayawa?"

Kalilu yac ce, "A'a."

"Rushewa shike yi, kana wasa kana gyara. Wanga wasa tun daga farko har ƙarshe ba ka gyara gurbi ko ɗaya ba. Ƙasar da danshi."

Kalilu yay yi murmushi. "Baba, ruwa anka yayyafa don gurbi shi tsaya. Haka ake yi a babban wasa."

"Bana? A Kamarawa, inda ake faɗa kan moɗa guda? To mu ce an yi. Ruwan hannu gefe guda shike zuba, manya da ƙanana. Wanga daidai yas sauka, har can bayan masu kallo, har bisa sirdin mashin. Wuce gaba, yaro. Ga inda tsohon yaj ja tabarmatai. Ƙarƙashinta a bushe, ko tabo babu." Yaj juya ga jama'a. "Yaushe anka yi yayyafi?"

Baki ɗaya sunka ce, "Litinin."

"Ran Talata da hantsi rana ta cinye shi. Ran Litinin anka yi wasan ga. An ajiye shi cikin waya, anka jira Alhamis. Ku kuna tudu kuna tsammanin yanzu ake yi, don yanzu yash shigo maku. Mai aikowa kuwa shina saman tanki. Wanda ke hawa can duk mako shi kaɗai zai san sabis na kamawa."

Babba yam miƙe tsaye. "Ƙarya ne! Ran Litinin ko ƙofar gida ban fita ba, zazzaɓi nike. Ku tambayi Inna. Inna, faɗa masu."

Duk gari yaj juyo gare ni.

Ran Litinin tun da asuba yaf fita, yac ce za shi Kamarawa neman irin gero, kar in faɗa ma kowa don an hana bin hanyar babu rakiya. Da magariba yak komo babu iri. Da niɗ ɗauki rigatai za ni ratayewa, ƙamshin ruwan sama ke jikinta. Har na kai ta hanci sau biyu.

Na dubi bindigar Ɗanmusa. Na dubi Abu, kanai a sunkuye, hannuwanai sun yi baƙi don ɗauri. Bai dube ni ba, bai roƙe ni ba. In na ce zazzaɓi, magana ta ƙare, ba a ƙaryata uwa a gaban gari. In na faɗi abin da nis sani, ban san wanda za su fita da shi ba.

Wakili yac ce, "Kande, muna jin ki."

Nic ce, "Ranka shi daɗe, kafin in yi magana, ka rantse mani. Duk wanda ta faɗa kanai, hukuma za a kai shi Sabon Birni. Ba bayan gari ba."

Ɗanmusa yac ce, "Ba a yi muna sharaɗi."

"To ba ni magana, kuma ba ku ganin farantanku. Ku sha jinin Bafillace in shi ke kashe ƙishirwa."

Mata sunka fara guna-guni bayana, masu goyo sun fi kowa. Wakili yas sa anka ɗauko Alƙur'ani, yad dafa, yas sa Ɗanmusa yad dafa.

Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunan nan ba. Nic ce, "Amiru bai yi zazzaɓi ba. Amiru ya tafi Kamarawa ran Litinin."

Kalilu yaz zabura za shi gudu, anka danne shi. Shi yaf faɗi sauran tun ba a taɓa shi ba. Mashin sunka ɓoye a kufan Gidan Saude, garin da 'yan bindiga sunka tasa bara, sunka komo da ƙafa ta bayan fako. Farantan na can cikin wani rumbu da ya rushe. Maraɗi za su kai su, daga can su wuce Agadas, kowa ya san inda samarinmu ke zuwa.

Babba bai gudu ba. Ni shike kallo. "Inna, mi ya rage a garin ga? Mi za mu ci? Da mun tafi da na aiko maki."

"Abu fa?"

"Ban ce su kama shi ba."

"Kwana biyu kana jin shi daga ɗakinka."

"Ke kinka bashe ni, Inna."

"Ni ce."

Na karɓi wuƙa hannun Malam Usmanu, na je na yanke igiyar da kaina. Abu yaz zube jikina, nauyinai kamar buhu. Igiyar da nic cire mashi ita sunka ƙulla sunka ɗaure Babba. Wakili da kanai yah hau mashin yar raka su, don ya san yaran Ɗanmusa.

*

Lahadi anka maida farantan. Uku sunka yi aiki, ɗaya ya tsage. Ruwa na zowa, amma siriri.

Hannun Abu na dama bai komo ba. Yatsun sun lanƙwashe, ba su riƙe sanda. Ran Talata da safe na ji sallama, na fito na ishe shi tsaye ƙofar gida, shanu na wucewa bayanai, an ɗora ma bijimai kayan ruga.

"Inna, za mu ƙetare Nijar. Baffana ya ce ba mu ƙara kwana ƙasar ga."

"Ku tsaya damina ta gyaru."

"Ba ruwa ba ne, Inna."

Na sani. Na shiga na ƙullo mashi ɗan garin gero da nike da shi. Yam miƙo hannun dama bisa sabo, ƙullin yaf faɗi ƙasa. Munka duƙa tare, nis sa mashi cikin aljihu.

Yac ce, "In kin je wurin Amiru, ki gaishe shi."

"Ba ni gaishe shi."

"Ki gaishe shi, Inna."

Na tsaya har ƙurar shanun ta kwanta. Sannan niɗ ɗauki jarka na tafi famfo. Layi ya kai bakin hanya. Da matan sunka gan ni, sai sunka dare, sunka buɗe mani hanya har bakin famfo. Ban bi ba. Na koma can ƙarshe na ajiye jarkata bayan ta maƙwabciyata Bilki, na zauna bisa ina jira. Ranar Alhamis ake barin ganin 'yan gidan yari, kuma dole in wanke ma Babba riga.